Terragen da maganar tsayi: yanda yake raba ciyawa, dutse da ƙanƙara a jikin tsauni, da inda yake gajiyar da mutum

Ƙera tsauni a kwamfuta ba wani abun wahala bane yanzu, manhajoji da yawa cikin minti biyu zasu tayar maka da tsauni har da kwazazzabai. Inda ake gane gwani shine wajen rufe jikin tsaunin, wato ciyawa ta tsaya inda ya kamata ta tsaya, fako da tsakuwa su karɓa daga nan, can ƙololuwa kuma ƙanƙara ta zauna ba tare da abun yayi kama da an zuba fenti ba. A wannan ɓangaren ne nake son inyi magana akan Terragen, dan gaskiya ni a wajena nan ne darajarsa take, kuma nan ne dai yake ɓata ma sabon shiga rai har ya goge shi daga laftof ɗinsa.

Ga wanda bai sanshi ba, Terragen manhaja ce ta kamfanin Planetside Software, wani Bature ɗan Ingila mai suna Matt Fairclough ne ya ƙirƙire ta tun ƙarshen shekarun 1990. Tsohon, wanda yanzu ake ce ma Terragen Classic, yana da sauƙi sosai, sannan aka sake gina shi daga tushe aka fitar da Terragen 2 a 2009, na 3 a 2013, na 4 kuma a 2016, kuma akan na 4 ɗin nake magana. Masu finafinai a Amurka suna amfani dashi, tsaunin nan na tambarin Paramount da aka sabunta lokacin cikarsu shekara 100 da Terragen aka haɗa shi. Yana aiki a Windows da Mac, akwai na kyauta wanda ba'a yarda kayi kasuwanci dashi ba kuma girman hoton da zai fitar maka baya wuce 1280 x 900, akwai kuma na kuɗi kamar Creative da Professional. Abunda ya burge ni shine duk setin tsayi da zan faɗa anan yana cikin na kyautan, basu ɓoye shi sai ka biya ba, dan haka mai koyo bashi da uzuri.

Toh yanda abun yake. A Terragen komai da zai rufe ƙasa leya ne, sunanta a allo "Surface Layer". Ka bata kala, ka bata ɗan gargada in kana so, sannan ka gaya mata inda zata fito. Leyoyin ana jera su ne ɗaya bayan ɗaya, wadda tazo daga baya ita ke hawa kan ta farko ta rufe ta. A cikin kowace leya akwai shafi mai suna "Altitude constraints", nan ne zaka sa mata iyakar sama ko iyakar ƙasa ko duka biyun, kuma lissafin da mita ne tsantsa, ba wani sikeli na 0 zuwa 100 da sai kayi ta kintace ba. In kace ciyawa karta wuce mita 1,800 toh mita 1,800 ɗin ne na gaske a cikin duniyar manhajar. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma yana da girma, saboda yana nufin zaka iya ɗauko lambobi daga taswira ko littafin labarin ƙasa ka zuba su kai tsaye. Kuma in ka ɗora maus akan ƙasa a tagar firibiyu, wato ƙaramin hoton gwaji da kake gani yayin aiki, zai nuna maka tsayin wurin da karkatarsa, in ka danna dama ma zaka iya kwafo tsayin ka liƙa a akwatin, ba sai ka rubuta da hannu ba. Akwai kuma wani ɗan akwati na kalar gwaji da in ka kunna shi leyar zata koma wata kala mai ɗaukar ido, sai kaga takamaimai inda ta kama da inda bata kama ba, dan ciyawa kore akan ƙasa mai duhu a firibiyu ba lallai ido ya rarrabe ba.

Amma fa iyaka kaɗai bata yin komai sai ɓata hoto. Ka sa ƙanƙara daga mita 3,000 zuwa sama ka bari haka, abunda zaka samu shine layi miƙaƙƙe ɗoɗar da ya zagaye kowane tsauni a tsayi ɗaya, kamar shatin da ruwa ke bari a cikin randa in ya kwana biyu ya ragu, kuma ko yaro ya kalla zai ce wannan ba hoton gaske bane. Shiyasa ƙarƙashin kowace iyaka aka sa wani akwati na biyu mai suna "fuzzy zone", wato faɗin wurin da leyar zata riƙa dusashewa a hankali kafin ta ɓace. Anan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda dusashewar bata raba kanta biyu a gefe da gefen layin, cikin yankin leyar take ci. In iyakar sama ce, dusashewar tana ƙasa da lambar da ka sa, in iyakar ƙasa ce tana sama da ita. Misali ka sa ciyawa iyakarta ta sama 2,800 da dusashewa 300, ciyawar cikakkiya ce har 2,500, daga nan ta fara sirancewa, a 2,800 babu ita sam. Sai kazo ka sa leyar ƙananan tsirrai iyakarta ta ƙasa 2,800 itama da 300, kana ganin ai sun haɗu daidai baki da baki, alhali ita wannan a 2,800 ne ma take farawa daga sifiri sai a 3,100 zata cika. Sakamakon shine a daidai 2,800 duk su biyun babu, sai wata ɗamara ta ƙasan asali ta bayyana ta zagaye tsaunin, mutum yayi ta dube-dube yana neman abunda ya lalace alhali manhajar abunda aka ce tayi tayi.

Maganin wannan mai sauƙi ne kuma ni haka nake jera nawa kullum: kar ka riƙa sa ma kowace leya iyaka biyu. Fara da dutse ko ƙasa a matsayin tushe ba tare da iyaka ba, ya rufe ko'ina. Wadda ta biyo baya ka bata iyaka ɗaya kawai, ta gaba itama ɗaya, ka bari su hau kan juna, ta sama ta danne ta ƙasa. In kuma dole sai biyun, toh su shige ma juna da aƙalla faɗin dusashewar.

Bari in kawo misali da Kilimanjaro na Tanzaniya dan shi ne tsaunin da yafi dacewa da wannan darasi, tsayinsa mita 5,895 kuma hawa-hawansa a bayyane suke. Daga kusan 800 zuwa 1,800 gonaki ne, daga 1,800 zuwa wajen 2,800 kurmi ne mai ruwa, daga nan zuwa 4,000 ƙananan itatuwa da ciyayi masu jure sanyi, 4,000 zuwa 5,000 fako ne da tsakuwa kusan ba tsiro, sama da haka sai dutse da ɗan abunda ya rage na ƙanƙara. Dalilin wannan jeri ba wani sirri bane, iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 duk mita 1,000 da ka hau, ga kuma ruwan sama da yafi sauka a tsakiyar tsaunin. A Terragen wannan leya biyar ne, kowace da lambarta ta ƙasa, kuma wallahi in ka zuba su ka bada dusashewa mai faɗi, kamar 400 zuwa 600 a tsauni mai wannan girman, daga nesa abun yana fitowa da kyau tun a gwajin farko. Abun lura shine faɗin dusashewa ya danganta da girman wurin, 500 a Kilimanjaro daidai ne, 500 a ɗan tudun da bai wuce mita 200 ba kuwa leyar ba zata taɓa cika ba, zaka ganta fari-fari kamar bata nan.

Daga nesa nace. Da ka matso da kyamara sai kaga dusashewar ita kanta tayi sumul da yawa, kala na narkewa cikin kala, alhali a zahiri ciyawa bata narkewa cikin dutse, tsinkewa take, kaga tsibiri-tsibiri, nan kore can fako, wani harshe ya haura sama ta cikin kwari wani wurin kuma dutse ya sauko ƙasa. Abunda ke kawo wannan shine shafin "Coverage and breakup". Akwai lambar yawan rufi, 1 ya rufe duka, 0.5 rabi-rabi, sannan akwai faraktal, wato wani zane mai tabo-tabo da kwamfuta ke ƙirƙira da lissafi, da ake haɗa ma leyar wanda yake yayyaga ta. Kyawun tsarin shine faraktal ɗin yafi cin wuraren da leyar bata cika ba, wato daidai cikin yankin dusashewa, sai ya mayar da wannan sumul ɗin ya koma ɓaɓɓake-ɓaɓɓake. Kenan su biyun tare suke aiki, in dusashewarka siririya ce faraktal bashi da filin da zaiyi wasa, ko ka ƙure shi layin yana nan. Kuma ka shiga cikin faraktal ɗin ka duba sikelinsa, dan in manyan tabbansa mita 10 ne kana kallon tsauni daga kilomita 20 ba abunda zaka gani, sai ka ɗaga shi zuwa ɗaruruwan mita. Wannan wurin nafi ɓata lokaci akai, kuma nan ne nake ganin Terragen ya wuce sa'o'insa, gefen leya in an gyara shi da kyau baya nuna alamar kwamfuta ko kaɗan.

Sai karkata. Shafin "Slope constraints" tsarinsa ɗaya da na tsayi, sai dai da digiri ake lissafi. Ciyawa ta tsaya a wajen digiri 35 ko 40, ƙanƙara itama bata manne ma bango a tsaye, yashi ma haka tun wajen 34 yake zubewa. Tsayi da karkata in suka haɗu a leya ɗaya shine ake samun baƙin dutse yana leƙowa ta tsakiyar farin ƙanƙara, kuma gaskiya rabin kyawun hoton tsauni daga nan yake zuwa.

Akwai abu biyu a shafin tsayin da kusan ba wanda ke kulawa dasu sai sun cije shi. Na farko ɗan akwatin "Use Y for altitude". Terragen ba akan faranti yake gina wuri ba, duniya ce guda mai zagaye, radiyos ɗinta mita 6,378,000 kamar tamu, kuma kana tsaye ne a samanta. Tsayi na asali ana auna shi daga fuskar wannan ƙwallon, shi kuwa Y layi ne miƙaƙƙe zuwa sama daga tsakiyar fili. Kusa da tsakiya duk ɗaya ne, amma da ka yi nisa ƙasa tana lanƙwasawa ƙasa, a kilomita 10 bambancin bai kai mita 8 ba, a kilomita 50 ya kusa 200, a kilomita 100 kuwa ya kai wajen mita 780. Toh in ka kunna Y ka sa ƙanƙara a 3,000, tsaunukan can nesa sai sun kai kusan 3,780 kafin su samu, sai kaga na kusa farare na nesa tsirara kana mamaki. A fili mai faɗi ka barshi a kashe kawai. Amfaninsa yana wajen ƙaramin abu, kamar wani dutse ko gini da ka shigo dashi kana so gindinsa yayi datti.

Na biyun shine "Altitude key", wanda ke tambayar wane tsayi za'a duba, na ƙasa kamar yanda nod ɗin "Compute Terrain" (nod akwatin aiki ne da ake jona shi da wasu a manhajar) ya lissafa ta ko kuwa na ƙarshe bayan duk wani tudu da rami da aka ƙara. Duk abunda ya tura ƙasa sama ko ƙasa bayan wannan nod ɗin, zaɓin farko baya ganinsa. Dan haka in ka ƙara manyan duwatsu daga baya kaga leya bata bin su, ba lalacewa tayi ba, tsohon tsayin take karantawa. Wannan tsari yana da hikima dan wani lokacin kana son hakan da gangan, amma manhajar bata yi maka bayani a wurin ko kaɗan, suna ne kawai a jerin zaɓi, sai ka je ka tono a shafin bayanansu.

Wani wurin da iyakar tsayi ke aiki tsaf ba tare da wani dogon gyara ba shine bakin ruwa. Ka sa tafki a mita 120, ka yi leya mai duhu mai ɗan ƙyalli iyakarta ta sama 121 da dusashewa ta mita ɗaya, shikenan ka samu jiƙaƙƙiyar laka ta zagaye tafkin, sama da ita wata leyar yashi zuwa 124, sannan ciyawa. Anan layi miƙaƙƙe ba laifi bane dan ruwa dama a miƙe yake kwanciya. Bishiyoyi ma haka, akwai "Distribution Shader" mai irin waɗannan iyakokin sak amma shi baya fenti, fari da baƙi yake fitarwa, sai ka haɗa shi da tarin bishiyoyinka ya hana su shiga ruwa ko hawa sama da inda bishiya ke iya rayuwa, kuma a yankin dusashewa suna raguwa ne ɗaya-ɗaya wanda shine daidai.

Toh yanzu inda nake da ƙorafi, kuma babba ne. Duk wannan tsari an gina shi ne da tunanin tsaunukan Turai, kore a ƙasa, dutse a tsakiya, fari a sama. Ka ɗauko ƙasarmu kaga yanda lissafin ke rushewa. Ana iya shigo da ainihin tsayin wuri cikin Terragen daga bayanan SRTM, wanda NASA ta auna da kumbon Endeavour a watan Fabrairu na 2000, kowane ɗigo kusan mita 30 ne a ƙasa, kyauta ne kuma ya haɗa da Najeriya da Nijar. Ka shigo da tsaunin Mambilla na jihar Taraba, wanda samansa ke wajen mita 1,600, ko Chappal Waddi mai mita 2,419 wanda yafi ko'ina tsayi a Najeriya. Babu ƙanƙara, wannan kam an huta. Amma a Mambilla ciyawa ce a saman tuddai, itatuwa masu duhu kuma suna cikin kwaruruka da bakin rafuka da jikin gangara irin kurmin Ngel Nyaki, kuma kwarin da ke mita 1,500 a nan yana iya zama sama da tudun da ke mita 1,400 a can, toh wace lamba zaka sa? Ba lamba. Haka duwatsun Air a Nijar, Bagzane ya haura mita 2,000 amma kore yana bin ƙoramu ne inda ruwa ke bi. Balle irin su Zuma ko Kufena ko Kwatarkwashi, dutse ne sulɓi ya fito daga fili, tsayi bashi da ta cewa, karkata ce ke raba dutse da ƙasa. Abunda ke mulkin tsiro a wajenmu ruwa ne, shi kuma shafin tsayi bai san ruwa ba.

Akwai wani zaɓi a shafin "Effects" da ake kira "Intersect underlying" wanda zai iya sa leya ta fi son ramuka, yana da kyau wajen tara yashi ko ƙanƙara tsakanin duwatsu, amma ga kwari mai faɗin kilomita ni ban ga ya biya buƙata ba, kuma saita shi sai da haƙuri. Hanyar da tafi shine ka fitar da taswirar magudanar ruwa daga wata manhajar ƙera ƙasa kamar World Machine ko Gaea, ka shigo da ita a matsayin hoto ka sa ta zama maski na leyar, wato abunda zai nuna mata inda zata fito da inda ba zata fito ba, sannan tsayi ya zama mataimaki kawai. Kaga kenan sai ka nemi wata manhajar.

Ƙorafi na biyu, babu zaɓin fuska. Kowa ya san ɓangaren tsauni da rana ke duka daban yake da wanda ke inuwa, a Turai ƙanƙara tafi sauka ƙasa ta gefen arewa, a wajenmu kuma gefen da ke fuskantar iskar damina daga kudu maso yamma yafi kore. Vue, wanda shine babban abokin hamayyarsa shekara da shekaru, yana da tsayi da karkata da fuska duk a shafi ɗaya, har ma ka zaɓi ko tsayin daga teku ake aunawa ko daga gindin abun. A Terragen in kana son fuska sai ka shiga shuɗayen nod ɗin lissafi, ka ɗauko inda ƙasa ke kallo, ka haɗa da wani layi, ka tace, kafin ka mayar dashi maski. Yana yiwuwa, kuma in ka iya shuɗayen nan babu abunda zai gagare ka, misali ka ɗauko tsayi da "Get altitude" ka tara masa faraktal mai faɗi sannan ka wuce dashi ta "Smooth step", sai layin ƙanƙarar kansa ya riƙa hawa da sauka da ɗaruruwan mita daga tsauni zuwa tsauni, wanda ya fi duk abunda shafin asali zai baka. Amma dai mutumin da yazo yin zane ya tsinci kansa yana darasin lissafi, ba kowa zai jure ba. Shi Vue ɗin kamfanin Bentley ya daina haɓaka shi ya sake shi kyauta a 2024, ga mai son gwadawa.

Sai maganar nauyi, dan wannan ya shafe mu kai tsaye. Renda ɗin Terragen, wato haɗa hoton ƙarshe, akan firosesa yake, ba katin hoto ba, ma'ana laftof zata ɗau zafi fanka na ihu, in kuma akwai gajimare da bishiyoyi da yawa hoto ɗaya na iya cin awanni, ga wuta da ba tabbas. Shi gyaran tsayi a karan kansa bashi da nauyi, leya goma masu iyaka basa ƙara wani lokaci sosai, abunda ke cinye lokaci shine yawan gwaji, ka canza 300 zuwa 450 ka jira kaga yanda ya zama. Terragen 4 yazo da firibiyu mai sauri wanda ya rage wannan wahalar, kuma dabara itace ka kashe gajimare da bishiyoyi, ka yanke ɗan yankin da kake gyarawa kawai, ka rage inganci, sai ka gama da leyoyi ka dawo dasu. Fuskar manhajar kuma tsohuwa ce, akwatuna da lambobi, ba ruwanta da kwalliya, kuma babu wani zane a gefe da zai nuna maka jerin leyoyinka da tsayin kowace a wuri ɗaya, sai ka buɗe su ɗaya-ɗaya, shiyasa ni nake rubuta lambar a cikin sunan leyar, kamar ciyawa 0-1800, in ba haka ba bayan sati ka manta wa ke ina.

Wani zai ce ai Blender, manhajar nan ta zanen 3D, ma na yin wannan kuma kyauta ne gaba ɗaya har kasuwanci. Haka ne, ka ɗauko matsayi ka ware Z, dan shi a Blender Z ne sama, ka wuce dashi ta ramp ɗin kala, ka samu. Ga wanda tsauni bango ne kawai a bayan wani abu da yake yi, Blender ya ishe shi, kar ya wahalar da kansa. Inda Terragen ya bambanta shine girma da iska, duniya guda ce da lanƙwasarta, hazo da hasken rana suna canza kalar leyoyinka gwargwadon nisa ba tare da ka taɓa komai ba, kuma duwatsu da tsakuwa suna nan har ka sunkuyo da kyamara dab da ƙasa. Wanda fili shine ainihin aikinsa, ko mai son nuna yanda wani wuri na gaske yake da lambobinsa na gaske, toh ya sauke na kyautan ya zauna dashi. Shawarata ya fara da leya uku kawai akan tsauni ɗaya, tushe da ciyawa da ta sama, ya kunna kalar gwaji yayi ta matsa dusashewa da faraktal har ya gane yanda suke cin juna, kafin ya taɓa bishiya ko gajimare. Kuɗi kuwa kar ya fitar sai ranar da 1280 x 900 ya masa kaɗan ko wani ya bashi aikin biya, dan a maganar tsayi babu abunda na kuɗin zai ƙara masa.